Asama'u Hamma Darini, Malamar da Sunanta Ke Zuwa na Biyu

Asali da haihuwa

A damunar shekarar 1965 aka haifi Malama Asama'u a Darini ta ƙasar Batsari. Mahaifinta Hamma makiyayi ne da ya haɗa kiwo da noma, mahaifiyarta Fanta kuwa da sayar da nono a kasuwar Batsari aka san ta.

Karatu

A shekarar 1972 wani matashin malamin firamare, Malam Daudu, ya yi sawu uku zuwa rugar Hamma kafin a yarda a ba shi yarinyar. Ranar da aka damƙa masa ita, Hamma ya ce mata, "Ga ubanki na boko. Abin da duk ya ce, shi ke nan." Tun daga ranar ba ta kira shi da wani suna ba sai Baba, ba ta kuma taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. Ta wuce kwalejin horon malamai mata a Katsina a 1979, sannan ta kammala digiri a fannin ilmi a Zariya a 1989, ita ce mace ta farko a zuriyarsu da ta taka wannan matsayi.

Aure

A 1986, tana tsakiyar karatu, ta auri Malam Armaya'u, ma'aikacin gona ɗan Safana. Shi kam a yi masa adalci, bai taɓa tare mata hanya ba.

Aiki

A 1991 ta kama aikin koyarwa a wata kwalejin ilmi, inda ta tarar Malam Daudu ya zama shugaban sashensu, ita kaɗai mace a cikin malamai goma sha huɗu. Ta ɗauki bincike kan dalilan da ke sa 'yan matan rugage barin karatu, ta shafe shekaru tana hawa babur zuwa Yasore da ƙauyukan Safana, tana zama gindin ƙwaryar masu nono tana tattaunawa da su da Fulatanci, harshen da babu mai jin sa a sashen sai ita.

Ƙa'idar ƙarin girma a kwalejin ita ce, wanda sunansa ya zo farko a maƙala shi ke kwashe mafi yawan maki. Da ta kai wa Malam Daudu maƙalarta ta farko a 1994 don ya duba, sai maƙalar ta dawo da sunansa a sama, nata a ƙasa, alhali ko waƙafi bai ƙara ba. Ta aika da ita a haka, domin a gidan da ta tashi ba a jayayya da wanda ya riƙe hannunka. Shi ma ya san haka sarai, da saninsa ya yi. Maƙala goma sha ɗaya ya hau a kansu har ya kai ƙololuwar matsayi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Abokan aikinta maza sun gani, babu wanda ya yi tari.

Sau huɗu tana neman ƙarin girma, sau huɗu kwamiti na mayar mata da takardunta wai ba ta da aikin kanta. A zaman 2008, wani ɗan kwamitin da ita ta koyar da shi ya ce mata, "Hajiya, ki daure ki riƙa rubutu da kanki mana." Ta koma ofis ta rufe ƙofa ta yi kuka, sannan ta wanke fuska ta shiga aji. Abin takaici ne, kuma zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Shekarun ƙarshe

Malam Daudu ya yi ritaya a 2013 da walima da jawabai. A lokacin ne ta fara rubuta littafin da zai fito da sunanta ita kaɗai, daga littattafan hira arba'in da biyu da ta tara da hannunta. Da rashin tsaro ya tsananta, wasu rugagen da ta yi hira a cikinsu suka watse, abin da matan suka faɗa bai rage a ko'ina ba sai a waɗannan littattafai. Ciwon ƙoda ya kwantar da ita saura babi biyu.

Rasuwa

Allah ya yi mata cikawa ranar Talata, 14 ga Maris 2023, tana da shekara hamsin da bakwai, aka yi mata sutura a Safana bayan la'asar. Ranar addu'ar bakwai Malam Daudu ya zo da sandarsa, ya yaba ladabinta, sannan ya nemi a ba shi littattafan ya ƙarasa aikin, wai don kada wahalar 'yarsa ta tafi a banza. Mazan zauren suka fara gyaɗa kai. Babbar 'yarta Zuwairatu ta amsa daga bakin ƙofa: "Baba, mun gode da zuwa, Allah shi ba da lada. Amma littattafan nan gado ne, kuma malamai sun lissafa magada, ba ka ciki."

Allah ya jiƙan Malama Asama'u. Ta rasu ta bar mijinta Malam Armaya'u da 'ya'ya huɗu: Zuwairatu, malama a kwaleji, wadda littattafan ke hannunta, Tayyib, Nazifi, da Rashida.