Tsinken Ashana a Bayan Allura

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa, kowane malamin makaranta a Daura ya ga ya isa hawa mota. Ni ma na saya, ta hannu, daga wani ma'aikaci da aka yi wa canji zuwa Kaduna. Komai nata lafiya lau, ban da allurar gejin da ke nuna zafin inji. Kafin in kai kasuwa daga gida ta fara hawa, kafin in dawo ta jingina da jan layi.

Na kai ta wurin wani mai gyaran wayarin mota da ke gindin darbejiya a bayan tasha. Mutum ne mai fara'a, kuma har yau in na tuna fara'ar nan sai raina ya ɓaci.

"Malam, me ke damunta?"

"Allurar nan ce ta hana ni sakat. Kullum tana ja."

"Allura kawai? Je ka koyar da yaranka, ka dawo bayan azahar."

Da na dawo, ga allura tsaye a tsakiya cak, kamar ɗalibin da ya ga sufeto. Na zaga gari, ba ta motsa ba. Na yi masa godiya har da ƙarin goro. Ni da nake tsayawa gaban allo ina gaya wa yara cewa ma'auni ba ya ƙarya sai dai mai karanta shi, ban tambayi abin da ya gyara ba. Sati uku ina yabonsa a ɗakin malamai.

Ranar wata Laraba da hantsi aka aiko daga ƙauyenmu, gaba da Zango, cewa Kawu ya rasu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama. Ɗan aiken ya ce za a ɗan jinkirta mata, amma kowa ya san iyakar jinkirin da ake yi wa gawa a zafin bazara. Inna ba ta yi kuka ba. Ta yafa mayafi, ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa wancan ina so in ga fuskarsa kafin a rufe." Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana, ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba.

Akwai motar haya a tasha tana lodi. Na ce ina amfanin tawa? Na ɗauki Inna, na taka mota iyakar ƙarfina, ina duban allura lokaci lokaci, ita kuma tana tabbatar mini da cewa duniya lafiya. Mun wuce Zango, mun shiga hanyar yashi, sai na ji wani ƙauri. Daga baya Inna ta ce, "Wani abu na ƙonewa." Na ce, "Inna, ai ga geji nan, ba komai." Ban rufe baki ba injin ya yi ƙara sau biyu, ya mutu. Da na ɗaga bonet, tururi kaɗan ne ya tashi, don babu sauran ruwan da zai yi tururin. Ashe lagireton, ma'ajiyar ruwan injin, ya daɗe yana yoyo.

Mun fi awa a gindin wata ƙaya kafin wata motar ɗaukar gyaɗa ta tsaya. Direban, wani dattijo mai jan hula, ya leƙa ciki ya ƙwanƙwasa gilashin gejin da farce.

"Malam, mota a kashe, allura a tsakiya. Ba ka taɓa lura ba?"

Ban taɓa ba. Ya sa sukundireba ya ɓalle murfin, ya zaro tsinken ashana da aka tokare allurar da shi, aka ɗiga masa gam. Ya miƙo mini.

"Ka ce masa allura ta dame ka, ko? To ai ya yi maka maganin allura. Haka suke yi wa masu biro a aljihu."

Na karɓi tsinken. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban san wanda zan fara zagi ba: wanda ya rufe bakin abin da ke faɗa mini gaskiya, ko ni da na je da ƙafata na kai ƙararsa.

Aka ba Inna gaba, ni na hau kan buhuna. A bakin ƙauye muka haɗu da maza suna dawowa, fatanya a kafaɗa, mutum biyu riƙe da makara ba kowa a ciki. Direba ya tsaya, ya cire hula. Inna ta sauko da kanta, ta ƙi hannun da na miƙa mata. Ta daɗe tana kallon makarar, sannan ta tambayi wani tsoho ko an jira ta.

Ya ce, "Mun jira, Hajiya. Har rana ta take."

Ta ce, "Kun kyauta." Ta wuce cikin gida wurin mata, ni kuma na nemi gefen tabarma na zauna ana yi mini gaisuwa.