Iro Mai Aron Gidaje

Ana idar da sallar asuba Iro ya fara bin zaurukan Ƙofar Guga, yana durƙusawa yana gaida masu gida. Sana'arsa aro wa 'yan fim gidajen da za su ɗauki wasa. A Katsina ba a buɗe wa baƙo gida sai ɗan gari ya tsaya masa, kuma Iro bai taɓa jin kunya ba sai a kan darakta Abdurrahim.

Iro ya yi wa Alhaji Badamasi alkawarin ba za a yi rawa a gidansa ba. Abdurrahim ya aiki Iro sayo man janareta, kafin ya dawo an ɗauki rawa a tsakar gidan. Tun da fim ɗin ya fito Alhaji ya daina amsa gaisuwarsa.

Iro bai yi faɗa ba. Da ya ji daraktan zai dawo ɗaukar kashi na biyu, sai ya yi masa sammako. Duk zauren da ya shiga magana ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, wannan ban tsaya masa ba."

Abdurrahim ya wuni yawo da 'yan wasa cike da mota, har unguwar Kambarawa, ko kango bai samu ba. Ya iske Iro wajen mai shayi.

"Haba Malam Iro, a kan 'yar rawar nan?"

"Ga titi nan, darakta, ku taka. Shi ba ya da mai gida."

Rabonsu ke nan. Iro ya shanye shayinsa, ya kife kofi, ya nufi gidan Alhaji Badamasi gaisuwa, ko yau za a amsa.