Tantancewar da Ta Same Ni a Guangzhou

Da na yi ritaya daga koyarwa na ɗauka hutu ya zo. Sai fansho ya zama wata a gani, wata shiru. Ƙanen matata mai sayar da takalma ya ce in riƙa zuwa Guangzhou ina saro masa kaya, tunda ina jin Turanci. Haka na koma hawa da sauka a benayen kasuwar Zhanxi da furfurata.

Wani tsoho ɗan China ne ke tura mana kwalaye a kura zuwa wurin masu lodi. Zai yi sa'ana. In mun kai gindin gada sai ya dafa kurar ya yi ta tari. Ni ma gwiwata ba ta barina in yi nisa, sai mu zauna tare a dakali, wayata tana yi mana tafinta.

Ya ce ƙarfinsa a ramin kwal ya ƙare, can arewacin ƙasarsu. Aka rufe ramin, gari ya watse, ya biyo 'yarsa nan.

Na ce, "Ba ka da fansho ne?"

Ya ce, "Akwai. Ba ya kai ni ƙarshen wata."

"Tarin nan fa?"

Ya ce inshorar lafiyarsa ta garinsu ce, a nan kaɗan take ɗauke masa. Yana jiran hutun sabuwar shekara ya je gida a duba shi.

A wani zuwan da na yi ne matata ta kira ni. Ta ce, "Malam, an ce duk ɗan fansho ya zo tantancewa da kansa makon nan."

Kayan ba su fito daga masana'anta ba, ba halin in bar su. Ita ta je ofishin, ta kira ni ta bidiyo, ta miƙa wa jami'in wayar.

Ya ce, "Baba, ga ka nan da ranka, mun gani. Amma na'ura yatsa take so."

Aka dakatar da fanshona.

Da na ba tsohon labari sai ya nuna mini yadda suke tasu tantancewar: ya kalli wayarsa, ya ƙifta ido, ya juya kai. Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da na koma bayan hutun sabuwar shekara na tarar da wani ne riƙe da kurar. Mai shagon da nake sarin takalma a wurinta ta ce tsohon ya tafi gida bai dawo ba, ita ma iyakar abin da ta sani ke nan.

Sai da damina ta faɗi aka sake kiranmu a Kano. Na wuni a layi. Na'urar ta ƙi karɓar yatsana, wai zanen ya goge. Jami'in ya ce in shafa shi a goshi in sake ɗorawa. Na shafa, ta karɓa, ya kira na baya.