Shirun da na ji a bakin taga

Ban taɓa zama a aji ba. Abin da na sani na karatu, da kunne na san shi. A unguwarmu Kambarawa, kana tsakar gida kana tankaɗe za ka ji yara sun ɗauki karatun allo a zauren malam, har ka gane wanda ya iya da wanda yake bin baki. Haka na tashi: in ana karatun addini, unguwa tana ji.

Shekarar da soja suka koma bariki, lokacin da hotunan 'yan takara ba su gama ɓaɓɓakewa daga bangon gidaje ba, jikata ta samu shiga sakandaren 'yan mata ta kimiyya. Uwarta ta rasu tun tana goye, ubanta kuma, ɗana, direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai kwana gida ba. Ni ce uwa, ni ce uba. Burinta ɗaya, ta zama ungozomar asibiti.

Ni kuwa so nake a kai ta sakandaren Larabci, inda aka ce addini ne tun safe har azahar. Ɗana ya lallashe ni, ya ce a ta kimiyyar ma ana koyar da addini, na bari ta fara zuwa. Na tambayi yarinyar sau nawa. Ta ce sau uku a mako, ko wanne minti arba'in. Na ce ko tuwon dawa ba ya nuna a minti arba'in. Ta yi dariya ta ce, "Iya, ai ke komai tuwo ne ma'auninsa." Na haɗe fuska, na tambayi rana da lokaci. Talata, in an koma aji daga hutun tara.

Talatar na ɗauki mayafi kamar za ni Babbar Kasuwa sayen gero, na ratse makarantar. Mai gadi ya san ni, ya nuna mini ajin. Na laɓe ƙarƙashin wata bishiyar bedi kusa da taga na kasa kunne. Shiru. Na leƙa, 'yan mata sun fi hamsin, kowa ta sunkuya tana rubutu, wata malama siririya tana zagayawa hannu a baya. Na tsaya har aka kaɗa ƙararrawa, ban ji ko bisimilla ba. Na koma gida ban sayi geron ba.

Mako biyu bayan nan aka kira taron iyaye da malamai. Shugabar makarantar ta yi bayani cewa sabuwar gwamnati ta nemi kowace irin makaranta ta sake tsara darasin addini daidai da tsarinta, ta kimiyya daban, ta Larabci daban, ta koyon sana'a daban, kuma malamar nan da na gani ta taga ce ke tsara nasu. Ban bari ta kai aya ba. Na miƙe na ce da ƙafata na zo, da kunnena na saurara, babu addinin da ake koyarwa a nan, suna kawai aka rubuta a takarda don a rufe bakin iyaye. Na nuna malamar da yatsa, na ce a tambaye ta me take karɓar albashi a kai. Wasu maza suka yi kabbara. Malamar ta buɗe baki, shugaba ta yi mata alama ta zauna. Washegari na hana jikata sa kayan makaranta. Ɗana da ya dawo ya ji, ya sunkuyar da kai ya ce yadda na gani. Bai taɓa musa mini ba, kuma a lokacin ina ɗaukar wannan abin alfahari.

Yarinyar ba ta yi mini kuka ba. Ta ninke kayan ta sa a ƙasan akwati. Sakandaren Larabci kuwa suka ce sun rufe ɗauka sai baɗi, sai ta zauna gida tana taya ni dakan fura.

An fi wata biyu, ran nan da la'asar aka yi sallama. Malamar ce. Ta cire takalmi tun daga zaure, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi gida da gajiya da jiki, kamar ban taɓa nuna ta da yatsa ba. Na ba ta tabarma, na kawo ruwa, don baƙo baƙo ne. Ta ce ta daɗe tana son zuwa, tsoron fuskata ya hana ta. Sannan ta fito da wata takarda daga jaka, ta ce ta Talatar da na je makarantar ce, jarrabawa suke yi, kuma jikata ce ta zo ta ɗaya.

Ta yi mini bayani a hankali. Da darasin addinin sau biyu ne a mako, ita ta yi ta jayayya da malaman lissafi har aka ƙara ɗaya. Ta duba ta ga yawancin yaran suna zuwa Islamiyya da yamma, can suke tilawa da hadda, sai ta ce ba za ta ɓata ɗan lokacinta tana maimaita abin da suke samu ba. Ta zaɓi hukuncin tsarki da na salla da na azumi, abin da mace ke jin nauyin tambayar malami namiji. Ta ce da a makarantar Larabci take, da wani tsarin za ta yi.

Ta miƙa wa jikata takardar ta ce ta karanta mini. Tambaya ta farko a kan wanda ya manta zaman tahiyar farko ne har ya miƙe tsaye. Yarinyar ta karanta amsarta: ba zai koma ba, ba zai yanke salla ba, zai ci gaba, ya yi sujada biyu kafin sallama.

Na ce ta sake karantawa. Ni shekara hamsin, in na yi wannan mantuwar, yanke sallar nake yi in sake daga farko. Har ita yarinyar na taɓa sa ta sake. Na dube ta na ce, "Kin san wannan, kika bar ni?"

Ta ce, "Iya, wa zai gaya miki?"

Malamar ta kawar da kai tana gyara ɗankwali.

Da safe ni na ciro kayan daga akwati, na riƙo hannun yarinyar har ofishin shugaba. Na ce ni ce matar da ta yi magana a taro, abin da na faɗa ba haka yake ba, kuma a kira wani taron in faɗa a gaban waɗanda suka yi mini kabbara. Ta ce babu buƙata. Na ce akwai. Ta yarda, amma ta ce an riga an ba wata gurbin, sai dai jikata ta jira sabuwar shekara ta sake aji ɗaya.

Na faɗa a taron, a tsaye, ba wanda ya yi kabbara. Jikata ta jira. Ƙawayenta suka wuce ta da shekara guda, tana ganinsu suna wucewa ta ƙofar gida da safe. A watannin nan, bayan la'asar, takan ɗauko wani littafi da malamar ta ara mata ta karanta mini shafi ɗaya, in na yi gardama ta ce a kira malama, sai in ce ta ci gaba. Yau tana karɓar haihuwa a asibiti. In an tambaye ta me ya sa ta gama a bayan sa'o'inta, cewa take yi rashin lafiya ta yi. Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunana ba.