Auta da Tsohon Allon Ofishin Safiyo

A layin masu gyara, bayan tashar mota, kowa Sannu-Sannu yake ce masa. Shekara talatin da shida ya yi a shago ɗaya, wanda in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin, da zamani ya juya ya koyi kwamfuta da furfurarsa. In aka kawo masa abu, sai ya ɗora a tebur ya zuba masa ido, wani lokaci har wuni guda, kafin ya ɗauki sukudireba. Matarsa takan ce ko gobara ce ta tashi, sai ya tsaya ya gane ta inda wutar ta biyo.

Mutum ɗaya ce ta rage a duniya mai kiransa Auta: yayarsa, wadda ta yi aikin zanen taswira a ofishin safiyo har ta yi ritaya.

Wata safiya ta sauko daga motar haya a ƙofar shagon. Direba da telan da ke maƙwabtaka da shagon suka biyo ta suna nishi, sun tallabo wani ƙaton allon kwamfuta irin na da, mai tudun baya, launin toka.

"Auta, kawar da tarkacen nan a ajiye."

"Yaya, wannan ai gawa kika kawo mini."

"Gawa a gidanku."

"To ai gidanmu ɗaya."

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a benci ta yi masa bayani. Shekara goma sha tara ta yi tana zane a gaban allon nan. Injin da ke tafiyar da shi ya daɗe da mutuwa, kuma da ofis ya tashi share sito, ta roƙa aka bar mata allon. 'Yarta ta ba ta kwamfutar tafi-da-gidanka, amma fuskarta ƙarama ce, ga ƙyalli, in ta kalla minti goma sai hawaye.

"So nake ka haɗa su. Akwai abin da nake son zanawa kafin idon ya ƙare."

Bai tambaye ta ko mene ne ba. Yaya ba ta son tambaya tun suna yara.

Ya juya allon ya duba bayansa. Bakuna uku ne zagayayyu, ɗaya na jan launi, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi. Ita kuwa kwamfutar, soket ɗinta mai ƙananan ramuka goma sha biyar ne. Haɗa launukan bai ba shi wuya ba: ya yanke wata tsohuwar waya, ya bi siraran da ke ciki da mitar gwada wuta, ya liƙa kowace da dalma a inda ta dace. Da ya kunna, allon ya yi wani gurnani, ya yi ɗumi a hankali, sai haske ya buɗe daga tsakiya.

Hoto bai tsaya ba. Launuka ne kawai suke kwarara a karkace, kore yana bin shuɗi, suna gangarawa ƙasa suna sake ɓullowa daga sama. Ya san dalili. Akwai saƙon da ke gaya wa allo inda kowane layi zai fara da inda zai ƙare. Sabuwar kwamfuta a wayoyi biyu daban take aika shi, shi kuwa tsohon a cikin koren launi ya saba karɓa. Ya sani sarai, amma bai kashe ba. Ya jingina da bango yana kallo, hayaƙin dalma yana tashi siriri a cikin hasken rana da ke shigowa ta ramin kwanon rufi. Sai ya ga kamar rafin bayan gidansu ne bayan an ɗauke ruwa, yana goye a bayan Yaya, tana ratsawa da shi, ruwan yana wucewa ta ƙarƙashin ƙafafunsa har jiri ya kama shi. Ya ji ƙamshin sabulun da ke wuyanta.

Tela ya leƙo. "Sannu-Sannu, wace tasha ce wannan?"

"Tashar da babu talla."

Kwana goma sha shida ya yi a kai. Ya ciro 'yan ƙananan kaya daga wata matacciyar talabijin, ya jera su a guntun allon lantarki, don su haɗe saƙonnin biyu su zuba cikin kore. Ya rufe su a gwangwanin madara, ya huda gefe wayoyi suka fito. Saura kuma sauri: tsohon allon taku ɗaya ya iya, ba ya ƙari ba ya ragi, dole kwamfutar ce za ta bi shi. Yana canza lambobin saurin a kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta waɗanda ya gwada a bayan kalanda. Sau biyu ya ji ƙaurin ƙuna ya yi wuf ya zare fulogi. Ba don allon yake jin tsoro ba, fuskar Yaya yake hangowa.

Ranar Laraba da hantsi, hoton ya yi rawa, ya yi rawa, ya tsaya cak. Yana da ɗan kore-kore, kamar ana kallon abu ta cikin kwalba.

Da kansa ya kai mata gida, ya ɗora a teburin da ke jikin taga. Ta sa tabarau, ta matso, ta bi hoton da ido daga sama har ƙasa.

"Koren ya yi yawa," in ji ta.

"Zan rage."

"Kar ka taɓa."

Abin da take son zanawa unguwar da aka haife su ce, wadda aka rushe aka yi babban titi a kanta. Babu taswirarta a kowane ofis, don ba a taɓa auna ta ba. Daga ka take zanawa, gida-gida, lungu-lungu. Shi kuma ya riƙa rufe shago duk Asabar da rana, yana zuwa wai duba gwangwani. Yakan zauna a bayanta, allon yana hura musu ɗumi, suna musun ko rijiyar unguwar tana dama da bishiyar ƙofar gidansu ko hagu. 'Yarta in ta kawo musu ruwa takan ce, "Kawu, ku biyun nan ko a aljanna sai kun yi gardama."

Wata Asabar Yaya ta zana wani ƙaramin murabba'i a kusurwar gidansu, wanda bai gane ba.

"Wannan fa?"

"Ɗakin da aka haife ka. Ruwa ya cinye shi kana wata bakwai."

Ya matso da kujerarsa. Shekara sittin da biyu yake da su, bai taɓa sanin an yi ɗakin ba.

"Ina ƙofar take kallo?"

"Gabas. Akwai 'yar taga nan, nakan hau turmi in leƙa ka."

Ta ja gajeren layi ta sa tagar.