Kore Bai Ci Ba

Aikina na farko bayan makaranta shi ne shigar da bayanai a wani gwajin man shafawa na ciwon gwiwa, a Kazaure. Iri huɗu ake gwadawa, kowane rukuni na masu ciwo da launin murfinsa: ja, kore, shuɗi, rawaya. Gwaggona, wadda ke zaune a Gwiwa, ta faɗa rukunin kore. Har tsokanarta nake, wai garin ne ya sauko mata a ƙafa.

Da sakamako ya taru, rawar kai ta hana ni jira. Na haɗa launukan biyu-biyu, karo shida ke nan, na gwada kowanne. Biyar ba wani bambanci. A na shida kore ya ɗara ja. Murna kamar in taka rawa! Nan take na buga wa Gwaggo waya na ce nata ne ya ci. Kafin la'asar duk matan unguwarsu sun ji.

Washegari na kai wa malamar lissafi ta wurin aikinmu takardar, ina jiran yabo. 'Yar Babura ce, ba ta da gaggawa. Ta duba, ta ce, “Sau nawa kika gwada?”

“Shida, Malama.”

“In makaho ya jefi goruba sau shida, ɗaya ta faɗo, gwani ne?”

Ta bayyana mini cewa yawan gwadawa na ƙara yiwuwar a ga bambancin da sa'a ce kawai ta kawo shi. Don haka ake tsaurara ma'auni: iyakar kuskuren da aka yarda da ita sai a raba ta gida shida. Muka raba. Kore bai kai ba.

Kunya ta rufe ni, kuma na ji haushin kaina. Ga matan da ke shafa ja sun fara cewa a canza musu. Dole na hau acaɓa zuwa Gwiwa in warware da bakina.

Na tarar da Gwaggo a tsugune tana tankaɗe, abin da ta shekara ba ta iya ba. Na durƙusa na yi bayani, har da gorubar. Ta saurara tsaf, ta ce maƙwabta ita za ta ji da su. Sannan ta dafa ƙafarta, ta rage murya.

“Amma 'yar nan, yi a hankali. Ita ƙafar ba ta ji ba tukuna.”