Mas'uda da Firintar Shaguna Uku

Mas'uda 'yar Kamarawa ce. Bayan 'yan bindiga sun shiga garinsu, ta koma garin Isa wurin kawunta Abdulrauf, mai shagon buga takardu a bakin kasuwa. Ya koya mata kwamfuta, hannunta ya faɗa da wuri. Sai dai tun harin nan, ko murfin tukunya ya faɗi sai gabanta ya yanke.

Kawun ya manta bai gaya mata ba cewa ya haɗa firintar da waifai, mai kemis da mai taki suna turo aiki daga shagunansu.

Ran nan da hantsi tana ita kaɗai, sai firintar ta tashi da kanta, ƙaƙaf-ƙaƙaf-ƙaƙaf. Mas'uda ba ta san sa'ad da ta shige ƙarƙashin tebur ba, tana salati. Da ta ji taku ya nufo ƙofa, ta sadaƙar 'yan bindigar ne suka iso.

Ɗanmusa mai kemis ne ya zo karɓar takardunsa. Bai yi dariya ba, don ƙanensa ma yana hannun mutanen daji. Ya tsuguna daga nesa ya ce, "Ɗiyata, fito, ni na turo. Daga yau in za ni turo aiki, sai na yi maki magana."

Haka ake yi har yau. Kafin firintar ta motsa sai an ƙwala mata kira ta katanga, "Mas'uda, ga aiki nan tahe!" Takan zabura har yanzu, amma ba ta barin kujerarta.